Mastas ɗin ƙirƙirarriyar basira a fannin hoto da sauti: inda ainihin aikin yake

Da yawa daga masu neman wannan kwas suna zuwa ne da zaton za a koya musu yadda ake rubuta wa na'ura umarni ta fitar da hoto mai ɗaukar ido. Wannan kuwa duk mai waya a hannu zai iya koyonsa cikin mako guda, kuma babu jami'ar kirki da za ta ba mutum digiri na biyu a kansa. Abin da malamai ke son gani shi ne ko kana iya juya samfurin ya yi abin da kai kake so, ko kana iya auna abin da ya fitar ta hanyar da wani zai gamsu, da kuma ko za ka iya faɗin inda ka samo bayanan da ka horar da shi da su. Samfuri a nan ina nufin tarin lambobin nan da aka horar har suka iya zana hoto, ko haɗa sauti, ko tsara magana. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa uku zai gama lafiya. Wanda kuwa ya dogara ga kyan hoto kawai, ranar kare kundi ido zai raina fata.

A Ingila shekara ɗaya cur ake yi, kiredit 180, kuma galibi 60 daga ciki na aikin ƙarshe ne, wanda ake yi cikin kamar wata uku. A ƙasashen Turai da yawa shekara biyu ne, kiredit 120 na tsarin ECTS. Bambancin ba ƙarami ba ne: mai shekara ɗaya ba shi da damar ɓata zangon farko yana koyon Python, yaren rubuta manhaja da ake aiki da shi a fannin. Sannan kwas ɗin kala biyu ne ko da sunansu ya yi kama. Akwai wanda ya fito daga sashen kwamfuta, ana ba da MSc, jarrabawa da lissafi sun fi yawa. Akwai wanda ya fito daga makarantar zane, ana ba da MA ko MFA, inda aikin baje koli da rubutun da ya bayyana shi su ne ke ɗauke da maki. Jami'ar Goldsmiths da Creative Computing Institute na jami'ar zane ta Landan sun yi suna wajen haɗa zane da rubuta manhaja, jami'ar Queen Mary ta Landan tana da cibiyar binciken kiɗa na dijital, a Amurka kuma akwai ITP na jami'ar New York da Media Lab na MIT. Kada sunan kwas ya ruɗe ka. Buɗe jerin darussan, duba ayyukan ƙarshe na ɗaliban bara, ka ga su waye ke duba kundi da abin da suka wallafa kwanan nan. Ka kuma tambaya kai tsaye: awa nawa na GPU, wato katin kwamfuta da ake horar da samfuri a kansa, ake ba kowane ɗalibi, kuma katin mai gigabait nawa ne? Amsar wannan tambaya ita ce za ta yanke irin binciken da zai yiwu gare ka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka shiga, ka iya Python har ka karanta rubutun wani ka gane inda ya karye, ka saba da NumPy da PyTorch, kayan lissafi da horar da samfuri a Python, da Git mai ajiye tarihin rubutun manhaja, ka kuma daina tsoron baƙin allon nan da ake buga umarni a ciki. A lissafi ba sai ka zama gwani ba, amma ninka matirik, da ma'anar gangara a kalkulas, da tushen lissafin yiwuwa, dole ne. Kundin ayyukan da za ka tura kuma, uku zuwa biyar sun isa, muddin kowanne ya nuna yadda aka yi shi: zanen farko, gwajin da bai yi ba, abin da ka canza. Hotuna ashirin masu ƙyalli da aka ciro daga manhajar zana hoto ta Midjourney ba sa gaya wa mai tantancewa komai game da kai.

Abin da ke cikin injin

Mu tsaya kan samfurin da ya fi zama a ɗakin gwaji, wato irin Stable Diffusion, wanda ya fito a Agustan 2022 daga binciken da aka yi a jami'ar Munik. Dabarar da ke ƙasansa ta samu gindin zama ne a 2020, bayan shekarun da wani tsarin ƙirƙirar hoto mai suna GAN na Ian Goodfellow, wanda ya zo a 2014, ya yi yana jan zarensa. A wajen horo, ana ɗaukar hoto a watsa masa ɗige-ɗige irin na talabijin da ba ta kama tasha ba, a ce wa samfurin ya gano ɗigon da aka zuba. Wajen zane sai a juya abin: a fara da ɗigo zalla, a riƙa sharewa kaɗan-kaɗan, taki ashirin zuwa hamsin, har hoto ya bayyana.

Ga wurin da ya kamata ka lura. Ba a kan hoton kansa ake wannan aiki ba. Hoto mai faɗin fiksel 512 da tsawo 512, launi uku, lambobi 786,432 ke nan. Akwai wani ɓangare da ake kira VAE wanda ke matse shi ya koma 64 sau 64 sau 4, wato lambobi 16,384, kashi ɗaya cikin 48. A wannan matsattsen wuri ake yin komai, sai a ƙarshe a buɗe shi. Shi ya sa samfurin ke gudana a kan kwamfutar gida. Shi ne kuma dalilin da ya sa fuskar mutumin da ke nesa take narkewa: fuskar da faɗinta fiksel 40 ne, a can ciki gida biyar kacal ta samu, ido da hanci da baki duk a ciki. Ƙaramin rubutu ma haka yake lalacewa. Ɗalibin da bai san wannan ba zai kwana uku yana sauya kalmomin umarni, alhali maganin shi ne a yanko wurin, a girmama shi, a sake zana shi, a mayar.

Umarnin ma yana da iyaka. A Stable Diffusion 1.5, wani ɓangare mai suna CLIP ne ke karanta rubutun, kuma gutsuren kalma 77 kawai yake ɗauka, biyu daga ciki alamar farawa da ta ƙarewa ne. Abin da ya wuce nan, sai dai in manhajar ta yi wata dabara, yanke shi ake yi ba tare da an gaya maka ba. Sai kuma ma'aunin nan na CFG da ke nuna yadda samfurin zai matsa wa kansa ya bi umarni. Wajen 7 zuwa 7.5 aka saba sa shi a wannan samfuri. Ka kai shi 15, launuka su ƙone, gefen abubuwa su yi kaifi kamar an yanka da reza. Ka sauke shi zuwa 2, ya yi abin da ya ga dama. Na ƙarshe ita ce lambar iri, wadda daga gare ta ake samar da ɗigon farko. Duk gwajin da aka yi ba a ɗaure lambar iri ba, ba gwaji ba ne, domin ba za ka san ko canjin da ka yi ne ya kawo bambanci ko sa'a ce kawai ba.

Aikin farko na gaske da yawancin ɗalibai ke yi shi ne ƙara wa samfuri horo da LoRA, dabarar da masu bincike na Microsoft suka fitar a 2021. Maimakon a taɓa lambobin samfurin duka, wanda babban ɓangarensa a 1.5 ya kai wajen miliyan 860, sai a daskarar da su, a liƙa ƙananan matirik a gefe, su kaɗai za a horar. Don koya masa fuska ɗaya ko salon zane ɗaya, hotuna 15 zuwa 30 sukan isa, da daraja (wato girman ƙananan matirik ɗin) 8 zuwa 32, da saurin koyo wajen 0.0001, da taki dubu ɗaya zuwa dubu biyu. Waɗannan wurin farawa ne, ba doka ba.

Inda ake faɗuwa shi ne bayanin da ake rubuta wa kowane hoto. Ƙa'idar tana da ɗan ban mamaki: abin da ka ambata a bayanin, samfurin zai ware shi ya ɗauke shi abin da ke canzawa, abin da ka yi shiru a kai, zai haɗiye shi ya haɗa da sunan da ka ba abin. In a duk hotunanka mutumin yana sanye da tabarau kuma ba ka rubuta "sanye da tabarau" ba, to tabarau ya zama sashen fuskarsa, ba za ka iya cire masa ba. In duk a gaban farin bango aka ɗauke su, farin bango zai bi shi har cikin daji. Matsala ta biyu ita ce hadda. In ka zarce da horo, samfurin zai daina koyo ya koma haddace hotunan, duk abin da ka nema sai ya maido maka tsayuwa iri ɗaya da kallo iri ɗaya. Kuma layin kuskuren da kake kallo a allo ba zai faɗakar da kai ba, domin a kowane taki ana zaɓen yawan ɗigo ne da ka, saboda haka layin hawa da sauka kawai yake yi. Abin yi shi ne ka ajiye kwafi duk bayan taki 200, ka sa kowane kwafi ya zana umarni biyar ɗin nan dai da lambar iri ɗaya, ka jera su a allo ɗaya ka duba da idonka. Sau da yawa kwafin tsakiya ne ya fi, ba na ƙarshe ba.

Sai batun ƙwaƙwalwar kati, wanda kowa ke karo da shi a makon farko. Lissafin mai sauƙi ne. Kowace lamba a tsarin bit 16 tana cin bait biyu, don haka samfuri mai lambobi biliyan 7 yana buƙatar gigabait 14 kafin ya yi komai. In kuwa horar da shi gaba ɗaya za ka yi da Adam, dabarar gyara lambobi da aka saba amfani da ita a horo, ka ƙiyasta bait 16 ga kowace lamba, gigabait 112 ke nan, katin da ke da 24 ko kusa bai kai ba. In kati ya cika, rage yawan hotunan da ke shiga lokaci guda zuwa ɗaya, ka tara gangarar taki huɗu ko takwas kafin a gyara lambobi. In kuma ka ga hotuna na fitowa baƙi ƙirin, galibi wata lamba ce ta fi ƙarfin fp16, tsarin ajiye lamba a bit 16, ta fashe. Koma bf16, wani tsarin bit 16 mai jure manyan lambobi, in katin na ɗauka.

Bidiyo da sauti kowanne da tasa rigimar. Daƙiƙa goma a firam 24 hotuna 240 ne, kuma in aka zana kowanne shi kaɗai, maɓallin riga zai riƙa ɓacewa yana dawowa, bango ya riƙa rawa. ControlNet, wanda ya zo a 2023, yana taimakawa wajen ɗaure tsayuwar jiki ko zurfin wuri, amma ba ya ɗaure launi da saƙar tufafi, sai an haɗa da bin motsi daga firam zuwa firam ko samfurin da aka gina don bidiyo tun asali. A sauti, kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa fayil mai awon sauti sau 44,100 da mai sau 48,000 a daƙiƙa ba tare da daidaita su ba, sai murya ta ɗan sauya kauri ba a san dalili ba. Whisper kuwa, samfurin da ke mayar da magana rubutu, 16,000 yake aiki da shi, yana yanka sauti daƙiƙa talatin-talatin, kuma in ya tarar da dogon shiru yakan ƙirƙiro maganar da ba wanda ya yi. A yanke shirun kafin a ba shi. Mai son aikin da zai amsa wa 'yan kallo nan take, lokaci ne ubangidansa: firam 60 a daƙiƙa na nufin kana da milisakan 16.7 ka gama komai, mai kaɗa kayan kiɗa kuma yana fara jin jinkiri da zarar ya wuce milisakan goma zuwa ashirin. Shi ya sa masu wannan fanni ke komawa ga ƙananan samfura irin RAVE na cibiyar IRCAM da ke Faris, su haɗa da manhajar Max ko TouchDesigner, su haƙura da manyan.

Kundin bincike

"Yadda ƙirƙirarriyar basira za ta sauya harkar fim" ba tambayar bincike ba ce, taken lacca ne. Tambayar bincike ita ce wadda za a iya amsa ta da e ko a'a, ko da adadi, cikin mako goma sha biyu. Misali: in aka ba mai zanen katun damar juya samfuri da zanen hannu maimakon rubutu, shin yawan gwajin da yake yi kafin ya samu abin da yake so zai ragu? Nan akwai abin da za a gina, da waɗanda za a gwada da su, da abin da za a ƙirga, da abin da za a kwatanta da shi. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa. In ba ka nuna abin da hanya mafi sauƙi za ta bayar ba, ba wanda zai san ko wahalar da ka sha ta ƙara wani abu.

Awo shi ne wurin da kundi ke tsayawa ko ya rushe. Ma'aunin FID, wanda aka fito da shi a 2017, yana kwatanta tarin hotunanka da tarin na gaskiya, kuma an saba lissafa shi da hotuna dubu hamsin. Wanda ya lissafa shi da hotuna 200 ya sa a tebur kusa da adadin wata takarda, yaudarar kansa ya yi, domin yawan hotunan kansa yana sauya sakamakon. Makin CLIP yana auna kusancin hoto da umarni, amma bai damu ba ko hannu na da yatsu shida. Babu ɗaya a cikinsu da ya san kyau. Saboda haka a aikin fasaha ba makawa sai an koma ga mutane. A nuna musu biyu-biyu, ba su san wanne ne naka ba, a riƙa sauya wanda ke dama da wanda ke hagu, a yi tambaya ɗaya tak a lokaci guda. "Wanne ya fi kyau?" da "wanne ya fi bin umarnin?" tambayoyi ne daban, in ka haɗa su amsar ba ta da amfani. A sauti an saba da ma'aunin 1 zuwa 5. Kuma hotunan da za a nuna, a ɗauke su daga lambobin iri da aka tsayar tun kafin a ga sakamako. Ka zana ɗari ka tsinci huɗu masu kyau ka sa a kundi, mai jarrabawa zai ce a nuna masa sauran casa'in da shida.

Akwai wani tarko da ke kama har gwanaye. In bayananka daga bidiyo suka fito, ka yanka su firam-firam, ka cakuɗa, sannan ka raba na horo da na gwaji, to firam biyu maƙwabta, waɗanda kusan hoto ɗaya ne, ɗaya zai faɗa nan ɗaya can. Sakamako zai yi kyau har ya ba ka mamaki, kuma duk ƙarya ne. A raba ta bidiyo, ko ta mutum, ko ta mawaƙi, kafin a yanka.

Duk binciken da zai taɓa mutane, ko tambayoyi kawai za ka yi musu, sai kwamitin ɗa'a na jami'a ya amince, kuma amincewar na iya cin makonni. A tura takardar tun kafin a gama gina komai. Bayanan da aka tara kafin izini ya fito, jami'o'i da yawa ba za su bari a yi amfani da su ba.

Tushen bayanan horo kuma ya daina zama abin da ake tsallakewa da layi ɗaya. LAION-5B, rumbun da aka fitar a 2022 mai hoto da rubutu biliyan 5.85, daga intanet aka kwaso shi, kuma a 2023 kamfanin sayar da hotuna Getty Images ya kai Stability AI, kamfanin da ya fitar da Stable Diffusion, kotu kan amfani da hotunansa. A shekarar dai masu bincike suka nuna cewa ana iya sa irin waɗannan samfura su amayo wasu hotunan da aka horar da su da su kusan yadda suke, musamman waɗanda suka maimaitu sau da yawa a rumbun. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya tsaya kan cewa abin da na'ura ta samar ba tare da isasshen hannun mutum ba, ba a yi masa rajista. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, da ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024, ta ƙunshi wajibcin bayyana hoto ko sautin da aka ƙirƙira don ya yi kama da na gaske. Ga ɗalibi, abin da wannan ke nufi a aikace shi ne tebur guda: kowane fayil, daga ina, lasisi wane iri, ranar da aka sauke shi. Lasisin da ya hana kasuwanci zai bar ka ka yi bincike, amma zai tare ka ranar da ka so sayar da aikin. Samfurin da ka ɗora aikinka a kai ma yana da nasa lasisin, a karanta. Murya ko fuskar wani kuwa, izini a rubuce, wanda ya faɗi abin da za a yi da su da lokacin da za a goge.

Ajiye tarihin gwaji ba ya burge kowa, amma shi ke ceton kundi. Kowane gwaji a rubuta sigar PyTorch da ta diffusers (manhajar da ake gudanar da irin waɗannan samfura da ita), ainihin fayil ɗin samfurin, lambar iri, da duk saiti, a fayil ɗaya da ke cikin Git tare da rubutun manhajar. Waɗannan kayan aiki suna sauyawa cikin 'yan makonni, kuma abin da ya gudana a watan farko zai iya ƙin tashi a na uku don kawai wani abu ya sabunta kansa. In aikinka ya dogara da samfurin kamfani da ake kira ta intanet, ka sani za su iya canza shi ko su janye shi kana tsaka da rubutu, don haka ajiye duk abin da ya fitar tare da kwanan wata.

Mako goma sha biyun, in za a raba, biyu na farko na karatu da tsayar da tambaya da takardar ɗa'a ne, uku na tattara bayanai da tsabtace su, wanda kullum yana cin fiye da yadda aka zata, uku na gini da horo, biyu na gwaji da mutane, biyu na rubutu. Babin hanyar bincike a riƙa rubuta shi ana aikin, don bayan wata biyu ba za ka tuna dalilin da ya sa ka zaɓi daraja 16 ba 32 ba.

In aikin na baje koli ne, gwada shi kamar yadda zai zauna a zauren. Cire intanet ka gani ko zai tashi. Bar shi yana gudana awa takwas ka duba ko ƙwaƙwalwar kati na cika a hankali, wanda a PyTorch yakan faru in an manta an bar lissafin gangara a kunne ko ana tara sakamako a kan katin ba a saukewa. Kashe sabuntawar da kwamfuta ke yi da kanta, da barcin allo. Gwada kyamara da hasken zauren, ba na ɗakinka ba, domin samfurin da ke bin motsin jiki yakan rikice in haske ya fito daga bayan mutum ko mutum uku suka tsaya gabansa lokaci guda. Sannan ka rubuta ɗan ƙaramin shiri da zai sake tayar da aikin in ya mutu, ka liƙa takarda a bayan teburin mai layi uku, wadda mai gadin zaure zai iya bi ya kunna shi da safe ba tare da ya kira ka ba.